Kowace Mace Ta Zo Da Faranti

Tun da muka dawo Jimeta kunnena bai huta ba. In na je barka, "Dija, yaya Niyuzilan?" In na kai ɗinki wajen Ya Falmata, har keken take tsayarwa don ta ji ko da gaske ne tumaki sun fi mutane yawa a can. Adda Hapsatu kuwa, matar wan mijina, tambayarta ɗaya ce kullum: ina langar da Dada ta ba ni, don ta laluba kayan ɗakina kaf ba ta gan ta ba. To, yau zan faɗa muku duka, daga fita har komowa, in huta. Adda, amsarki tana can ƙarshe, sai ki daure ki biyo ni.

Malam, wato maigidana, ma'aikacin dabbobi ne, kun sani. Gwamnatin jiharmu da ke Maiduguri ce ta tura shi ya koyo kiwon shanun madara, aka ce yana iya tafiya da iyali. Ina da ƙaramin ciki a lokacin, na fari, ban gaya wa kowa ba, amma Dada, mahaifiyata, kallo ɗaya ta yi mini ta gane. Da na shiga Yola yi mata sallama ba ta ce kada in tafi ba. Ta sauko da langarta mai jan fure, wadda aka kawo ta ɗakin Baba da ita, ta cika ta da daddawa da garin kuka da busasshiyar kuɓewa, ta ɗaure da ƙyalle. Sai da ta gama ta ce da ni da Fillanci, "In kin sauka a can, wa zai shigo miki?" Na ce ai ko'ina akwai mata. Ta ce Allah ya sa. Ban ɗauki tambayar da nauyi ba sai da na je.

Motar ofis ta kai mu Numan, muka tarar jirgin fito ya lalace. Muka yini a bakin kogi muna cin gasasshen kifi, Malam yana ta duba agogo kamar agogon ne zai gyara injin. Daga nan sai Jos, sai Kano, sai sama. Kada ku tambaye ni ƙasashen da muka sauka, don rabin tafiyar kaina na cikin 'yar jakar takardar da ake ba mai amai. Abin da na riƙe shi ne, rana ta rikice mana: a kawo abinci a ce na safe ne, cikina kuwa yana cewa magariba.

Da muka sauka ba a bar mu mun tashi daga kujera ba. Wasu mutum biyu suka shigo da gwangwanin maganin sauro, suka bi layi suna fesawa bisa kawunanmu. Na ce da Malam, "Mu ne sauron?" Ya ce in yi shiru. A wajen binciken kaya muka sami wani dattijo da furfurarsa, sanye da gajeren wando da doguwar safa kamar ɗan firamare. Ya kwance ƙyallen Dada, ya ɗaga murfi, daddawa ta gaishe shi, ya ja da baya. Malam ya shiga bayani, ya ce ai 'ya'yan wata itaciya ne. Da mutumin ya ji 'ya'yan itace, shi ke nan, magana ta ƙare. Su ƙasarsu ba a shiga da iri ko ganye, tsoron ciwon gona da na dabba suke. A gabana ya juye komai cikin wata garwa. Ya je ya wanke langar, ya goge ta, ya miƙo mini da hannu biyu yana ba ni haƙuri. Har takalman Malam suka karɓa suka wanke, don ya ce yana shiga garke. Na rungume langata wayam, ban yi kuka ba sai da muka shiga mota.

Gidan da aka ba mu na katako ne, a wani ƙaramin gari kusa da kwalejin su Malam. Ba zaure, ba katanga, sai wani ɗan shingen katako iya ƙugu. Za ki ce kowa na ganin kowa, amma wallahi ban taɓa ganin inda mutane suka ɓuya irin can ba. Malam ya hau kekensa da safe, sai yamma. Ni kuwa in share gida, in sake sharewa, in zauna. Ba sallama, ba kiran salla, ba ƙarar turmi, ko kukan akuya babu. Nakan bar ƙofa a buɗe ko wata za ta leƙo. Masu wucewa suna da fara'a, ba zan yi musu ƙarya ba. Mace za ta yi miki murmushi ta ce yaya kike, amma kafin ki gama amsawa ta sha kwana. Mu da gaisuwa kaɗai kan kai mu shinkafa ta nuna!

Madara kam sun fi mu, Bafillatana ce ke gaya muku. Ki ajiye kwalabe wayam a bakin shinge, da safe ki same su cike, mai ya taru a wuya. Amma ko sau ɗaya ban ga mai kawowa ba, balle mu yi ciniki in ji labarin rugarsu. Shanunsu ba tozo, ba makiyayi, tumaki kuwa kare ne ke kora su, mai su na tsaye yana fito. Nama sai da Malam ya sami wani manomi da ya yarda Malam ɗin ya riƙa zuwa yana yanka mana da hannunsa. Ran Juma'a Malam kan sayo soyayyen kifi da dankali a naɗe cikin jarida, shi ne abincinsu da na fi so. Sauran kuwa a dafa kabeji har ya fita hayyacinsa, ba yaji ba komai. Wata rana Malam ya shigo da wata 'yar kwalba mai baƙin abu kamar kwalta, wai shi suke shafa wa burodi. Na shinshina, na ce, "Malam, wannan ai ƙanwar daddawa ce." Na jefa cokali guda cikin miyar ganye, na tuƙa tuwon garin alkama. Na ci har na suɗe hannu, sannan na zauna ina ta hawaye ni kaɗai.

Malamin su Malam ya taɓa gayyatar mu shan shayi da yamma. Muka ce shayi ba ya riƙe ciki, muka take cikinmu da tuwo kafin mu fita. Ashe su abincin yamma gaba ɗaya shi suke kira shayi. Muka tarar da gasasshen kifi da kabewa da dankali tuli, muka yi ta turawa muna haɗa ido. Daga ƙarshe matar gidan ta fito da wani farin kek na farin ƙwai da sukari, an lulluɓe shi da kirim na madara. Shi kam raina ya biya, mai ciki ce fa. Da ta miƙo na ce a'a, na gode, yadda aka koya mana, ina jira ta matsa mini. Sai ta ce to, ta wuce da abinta. A can in kin ce a'a, an ɗauka a'a kike nufi.

Ran Asabar kantuna a rufe. Maza su fito da inji suna aske ciyawar ƙofar gida, ciyawa kore shar, su tara su zubar, ba dabbar da za ta ci. Da la'asar gari ya tafi kallon wata ƙwallo mai siffar gwanda, ƙarti su rungumi juna cikin taɓo suna turereniya, wanda ya fi kowa datti shi ake tafa wa. Kiwi suke kiran kansu, sunan wani tsuntsunsu ne da ba ya tashi. A filin nan na zauna kusa da wata mata Bamawura, su ne 'yan asalin ƙasar, fatarsu kamar ta Shuwa. Ba ta tambayi sunana ba, sai ta ce, "Wane kogi ne naku?" Na ce Binuwai. Ta maimaita, ta riƙe hannuna, ta faɗa mini sunan nata kogin. Da aka tashi kowa ya kama gabansa, ban sake ganinta ba.

Lokacin da ku kuke damina, mu sanyi muke, irin mai shiga ƙashi. Cikina ya tsufa. Ran nan matar malamin nan ta tare ni a kanti ta ce matan unguwa suna taruwa a ɗakin taro, a yi saƙa a sha shayi, in zo. Tana tafiya ta waiwayo ta ce, "Kowace mace ta zo da faranti." Turancina na firamare ne, amma wannan kam na ji shi sarai. Na tambayi Malam, ya ce wataƙila kwanukan wurin ba sa isa. Na ce ashe su ma suna aron kwanuka kamar mu ranar biki. Na yi murna ƙwarai, don na ce ga inda zan sami waɗanda za su shigo mini. Na ɗauko langar Dada, ita ce mafi kyau a gidan, na goge ta har tana ƙyalli. Na ɗaura atamfar lefena, na ɗora kwat ɗin Malam a kai, na tafi.

Ina shiga na ga dogon tebur. Kowace mace ta zo sai ta yaye ƙyalle daga farantinta: wannan kek, wannan burodi da ƙwai a tsakiya, wannan wasu 'yan curi-curi da man shanu. Na yi niyyar komawa. Kafin in juya, wata doguwa mai jar hula ta taho da fara'arta, ta karɓi langar tana cewa bari su ga abin ƙasarmu. Mata suka matso. Ta ɗaga murfi.

Da a Jimeta ne, da an yi mini shewa, a tsokane ni shekara guda, ni ma in yi dariya, ya wuce. Su kuwa ba wadda ta ko murmusa. Mai jar hula ta mai da murfin a hankali, ta ce langar tana da kyau, ta kai ta can ƙarshen tebur. Kowa ya shiga maganar sanyi. Wannan kirkin nasu ya fi mini zagi ciwo. Ashe faranti da abin cikinsa ake nufi, ni kuwa na zo gidan mutane da kwano wayam kamar wadda ta zo roƙo. Na zauna bakin ƙofa, shayi ya huce a hannuna, na sulale na fita, ko langar ban ɗauka ba. Daga ranar na daina barin ƙofata a buɗe. Na ce a raina, Dada, ba wanda zai shigo.

Bayan kwana biyu na fita shanya sai na hango langata bisa shingen da ya raba mu da maƙwabta. Na ɗaga na ji nauyi. Cike take da curi-curin nan, da ɗuminsu, har da dabino a ciki. Na duba, sai ga wata tsohuwa mai farin gashi a tagar gidan, ta ɗaga mini hannu ta saki labule. Ashe tana wurin taron. To, ku kun san ba a karɓar abin hannun maƙwabciya a yi shiru. Na kwaɓa fulawa na soya fanke, na cika langar, na mayar kan shinge. Washegari ta dawo da wani kek mai ayaba. Haka langar nan ta yi ta kai da kawo, ba wadda ta ce da wata uffan.

Ni na fara gajiya. Ran nan na tsaya a wurin har ta fito. Ta ce sunanta Dorin, in kira ta haka. Na ce ni ba zan iya kama sunan sa'ar uwata gatsau ba, Goggo zan ce. Ta tambayi ma'anarsa, na ce 'yar'uwar uba. Sai ta ce in shigo daga sanyi. A madafinta na ga ɗan tebur, kujera ɗaya a jawo, faranti ɗaya mai shuɗin baki, da wuƙa da cokali a jere, rediyo na magana. Mijinta ya rasu, ɗanta guda yana aiki a Ostireliya, sai ya ga dama yake zuwa. Tsohuwa kamar wannan tana cin abinci ita da rediyo! Duk zaman da nake ina jin tausayin kaina, ashe katako ɗaya ne tsakanina da wadda ta fi ni.

Ranar na ba ta labarin gida. Na ce mu in an yi haihuwa mata ne ke cika ɗaki, kowa ta ce barka. Ran suna masu gida ne ke dafawa, maƙwabta su aiko da kwanukansu wayam, a cika musu, kuma kwanon da ya dawo cike shi ne shaidar ana tare. Goggo ta yi dariya har da share ido. Ta ce, "Ashe ba kuskure kika yi ba, gari ne ba naku ba." Ta sa na yi ta maimaita mata barka har ta iya.

Na sauka lokacin da tumakinsu ke haihuwa. Asibiti tsaf, ma'aikata da kirki, amma Malam a waje aka tsai da shi, jaririyar kuma a wani ɗaki ake ajiye ta, sai agogo ya ce a kawo. Suka riƙe ni har ranar suna ta zo ta wuce ina kwance. Malam ya zo lokacin ziyara, ya yi mata huɗuba shi kaɗai, ƙasa-ƙasa, ya sa mata sunan Dada. Gadajen da ke gefena cike da furanni da dangi. Ni sai 'yar safar ulu da Goggo ta saƙa ta ba Malam, don gwiwarta ba ta kai ta asibiti. Na juya fuskata bango, ban so ya ga idona ba.

Da aka sallame ni Malam ya ce rago kam sai an yanka, ko an makara. Ya je wajen manominsa ya dawo da wani ƙato, wanda a nan gida sai a yi ta faɗa a kan rabonsa. Na aro babbar tukunyar Goggo, na dafa shinkafa da miya, na soya nama. Da na gama na tsaya ina kallon abinci, daga ni sai Malam sai ɗalibai biyu abokansa. Tun da safe da na je aron tukunya na ce da ita, "Goggo, wa zai ci?" Ba ta lallashe ni ba, ta dai tambayi lokacin da zan sauke.

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Malam ya buɗe, na ji ya ce, "Dija, zo ki gani." Mata ne a layi daga bakin ƙofa har shinge, da hulunansu da jakunkunansu, kowace ta riƙe faranti a gabanta da hannu biyu, ba komai a kai. Goggo ce a gaba tana dogara sanda, da farantinta mai shuɗin baki. Ta buɗe baki ta ce, "Barka." Na baya suka amsa, kowa da irin tata karyayyar barkar. Mai jar hula ta miƙo nata, fuskarta ta yi ja kamar hular, ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa shiga gidan mutane da faranti wayam ba, duk hanya ji take kamar ba ta sa takalmi ba. Wata ma ta kasa daurewa, sai da ta taho da kek ta ɓoye a mota.

Ina zubawa ina kuka ina dariya. Barkono ya sa su tari, suka yi ta shan ruwa suna neman ƙari. Kujeru suka ƙare, wasu suka zauna a ƙasa, yarinyar tana yawo daga hannu zuwa hannu. Gidan nan da na saba jin numfashina a ciki, ranar sai da Malam ya ɗaga murya kafin in ji shi.

Kada ku zaci gari ya sauya daga ranar. Washegari aka koma murmushi da wucewa. Goggo ce kaɗai ta ɗore. Kullum da hantsi takan zagayo da sandarta, ta ɗora mini ruwan zafi yadda na nuna mata, tana mita wai zan dafa kaina, ta riƙe yarinyar har in fito. Na lura ta daina kunna rediyo da rana.

Da karatun Malam ya ƙare muka ɗaure kaya. Ana gobe tafiya na soya fanken ƙarshe na kai mata a langa, ita kuma ta aiko mana da guzuri a farantinta. Da safe mota ta zo, tukwane duk an ɗaure, ga farantinta a hannuna. Na same ta a shinge na ce, "Goggo, ga shi, amma ban sami abin da zan sa ba." Ta ƙi karɓa. Ta ce, "Ba ke kika ce ba a mayarwa wayam ba? Ni ma ban gasa komai ba yau, ba zan ba ki taki ba. Ki riƙe, ran da kika sami abin sawa ki kawo." Ni da ita duk mun san nisan wurin. Ta sumbaci yarinyar a goshi, ta ce mu tafi kada mu makara. Da mota ta kai kwana na waiwaya, tana nan tsaye ta rungume langar a ƙirji.

Dawowa ba ta da labari, amai ne dai da kukan jaririya har Kano. Da na shiga Yola, Dada ta karɓi takwararta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wa ya shigo miki?" Na gaya mata. Ba ta tambayi langa ba. Ta ce, "Ita kuma yanzu wa ke shigar mata?" Har yau ban sami amsar wannan ba. Ga gidana cike, kafin in karya mutum nawa sun yi sallama, amma in aka zuba abinci aka kewaye kwano, sai in tuna kujerar nan guda ɗaya.

To Adda, kin ji inda langar take. Farantin nan kuma mai shuɗin baki da kika zo aro ran walimarku na hana ki, har kika ce na koyo rowar Turawa, ba rowa ba ce. Kwanon mutane ne, ban mayar ba tukuna.